Allon da Ke Ƙofar Gidanki

Yaya Loretta,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar Mama ta yi sauƙi. Ina lafiya a Bergen. Koyarwa tana rage mini tunani, wani lokacin.

A hoton da kika aiko na hango allon kamfen ɗin Purcell a ƙofar gidanki, yana neman komawa shugabancin 'yan sandan gundumarmu. "Haba Wendell, cocinmu ɗaya fa," za ki ce. A tsare a hannunsa ɗana Emmett ya yi ta roƙon maganin asma har ya cika. Da naɗa shi aka yi, da akwai mai tuhumarsa. Amma zaɓensa ake yi, don haka babu mai tuhumarsa sai ku masu ƙuri'a.

Ba ƙuri'arki nake roƙo ba. Ki cire allon kawai; ta ƙofar gidanki mahaifiyar Emmett take bi zuwa maƙabarta.

Ƙaninki,
Wendell