Gidan Inna a Cikin Rafi

Zuwa ga Autanmu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aikin tuƙi? Na je na ga filin da ka saya wa Inna a hannun gwamnati. Auta, ashe a tsakiyar busasshen rafin nan yake? Magini ya fara haƙa harsashi, ramin bai kai gwiwa ba yashi ya soma fitowa a jiƙe. Na kai Inna ta gani. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Allah ya yi masa albarka." Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki, a gaida Inna da yara. Ke dama tun muna ƙanana ko kyankyaso kika gani sai kin tara mana jama'a. Rafin nan ya ƙafe tun ban yi wayo ba. Takarda aka ba ni har da hatimi, gwamnati za ta sayar wa mutum hanyar ruwa ne? A ci gaba da gini. Na gaji da ganin uwata a ɗakin haya.

Naki,
Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Inna ta tare, gida kuma ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai har yau ba ta kwance kayanta ba, suna nan a ɗaure a bakin ƙofa. Da ta hango hadari, ko daga nesa ne, sai ta ɗauki kujerarta ta hau tudu, ta zauna a rumfar tela har sama ta washe. Jiya ruwa ya dake ta a hanya, yanzu tari take yi. Ta rame, ba ta barci.

Na ce ta dawo wurina. Ta ce, "Yaro ya zubar da guminsa ya gina mini, in fita mutane su ce me? Gara ruwan ya tafi da ni da in kunyata shi." Ta hana ni gaya maka, amma na kasa. Ga damina ta kankama, ina jin tsoro.

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Na karanta, na yi kuka. Ki ɗauke ta yau. Ki ce mata ni ne gidan bai yi mini ba, zan sayar in gina wani. Kada ta san kin faɗa mini.

Amma ba zan sayar ba. Uwar wa zan sa a ciki? Ki kulle kawai.

Ƙaninki,
Auta