Madara Mai Kauri

Zuwa ga Maman Kurciya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Mu nan da sauƙi, in wannan ne sauƙi. Na rubuto ne don a waya da na ɗaga murya sai ki kashe, takarda kuwa dole ki karanta.

'Yarki ta daina cin abinci. Yau kwana goma sha tara da tafiyarki, shayi da biskit kawai ke shiga cikinta. Siket ɗin makarantarta sai da na kama shi da fil. Yaya, gwaggonta, ta zo ta gani, ta yi ta tafa hannu. Ta ce ranar Asabar za ta dawo da jaka, in yarinyar ba ta fara ci ba, ta tafi da ita gidanta har ki gama. Wata shida! Kin kuma san Yaya ba ta faɗa ta fasa.

Shi ya sa na ciro takardar da kika liƙa a jikin firji, ta taliyar nan da kaza da Kurciya ke lashe kwano a kanta. Na rufe gareji tun azahar. Na soya kazar har ta yi ja, na sa albasa da tafarnuwa, na ƙara ruwa, na zuba taliya, duk a tukunya ɗaya yadda kika rubuta. Sai layi na shida: madara mai kauri, kofi ɗaya. Na je kanti na faɗa haka, mai kanti ya miƙo min ta gwangwani, mai zaƙin nan da ake zuba wa shayi. Ina zan sani? Na juye ta kaf.

Kaza da tafarnuwa cikin alawa! Gindin tukunya ya kama, hayaƙi ya cika kicin. Kurciya ta ɗanɗana cokali guda, ta ture kwanon, ta dube ni kamar na zage ta.

Haba, baiwar Allah! Ni da nake kwance injin mota in mayar ba ƙusa ɗaya da ta yi saura, yau rubutunki ya mai da ni sakarai a gaban 'yar shekara biyar. Me zai rage ki in kin rubuta sunan abin? Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Ki aiko da amsa kafin Asabar.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Baban Kurciya.

Zuwa ga Maman Kurciya,

Ina gaisuwa, da fatan murar da kika ce ta sake ki. Saƙonki ya iso, har da dariyar da kika yi min. Wato kirim ɗin girki kike nufi, na cikin kwali, marar sukari. To, Allah ya ba ki haƙurin rubuta kalma biyu.

Da safiyar Asabar na sake ɗorawa. Wannan karon na rage wuta, na tsaya kan tukunya ina juyawa, ban matsa ko nan da ƙofa ba. Romon ya yi kauri, ya kama jikin taliyar. Ni kaina da na ɗanɗana sai da na ƙara cokali. Yaya na zaune a falo, jaka a cinya, tana jiran ta ga iyakata.

Kurciya ta kai cokali baki. Ta tauna, ta zaro ido, ta diro daga kujera da gudu ta yi kicin tana kiran Mama. Ta duba bayan ƙofa. Ta shiga ɗakinmu ta ɗaga labule, ta leƙa banɗaki. Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta ce min maƙaryaci, wai na ɓoye ki. Ba ta ƙara taɓa kwanon ba.

Yaya ta shiga haɗa kayan Kurciya. Ban hana ta ba, da wane bakin?

Kin ce wata shida ba komai ba ne, kamar yau ne. Ni ma na yarda, har na raka ki tasha ina miki kirari. Yanzu ina jin haushinki, ina jin haushin Yaya, na kaina ya fi. Na iya girkin, kin ji, na iya shi sarai. Ga tukunya nan cike, na rufe ta.

Da za su shiga mota Kurciya ta juyo ta ba ni saƙo. Ta ce in kin fito daga inda kika ɓuya, in gaya miki tana gidan Gwaggo. To, na gaya miki.

Ki gaida abokan karatu.
Mijinki, Baban Kurciya.