Gargaren Keken Yaya

Cheras, Kuala Lumpur,
Yuli, 2021.

Zuwa ga Yayana Abdulwahidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kawu Halliru da duk mutanen gida a Zariya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga wannan annoba, ya buɗe iyakoki ka dawo mana. Abba yana asibiti har yanzu. Ba a barin kowa ya shiga, sai dai wata nas ta kira Umma ta ce numfashinsa ya ɗan daidaita, amma ba a cire masa iskar oksijin ba. Umma tana tsaye da ƙafarta, sai dai ta rame. Na kira ka sau da yawa layin yana yankewa, kuma ko ya shiga na san ba zan iya faɗa maka da baki ba, shi ya sa na rubuta na turo ta wayar Kawu.

Yaya, maganar kekenka ce, na tseren laka da ciyawa, wanda ka ce kada kowa ya taɓa. Tun da Abba ya kwanta babu abin da ke shigowa gidan nan sai girkin Umma. Tana yin masa da tuwo da miyar kuka, ɗalibai 'yan gida da ke benayen unguwarmu suna saye tapau, wato a ƙunshe a kai musu. Masu babur da ke kai saƙo suna cinye ribar, har miya suka taɓa kifarwa, sai Umma ta ce a fito da keken ni in riƙa kaiwa. Ka san Umma da datti. Da ta ga lakar tserenka ta bushe a jikinsa sai ta ɗora ruwan zafi. Tana cikin wanki ta ga wani abu mai danƙo tsakanin taya da gargare, ta ce wannan ƙazantar ba za ta kusanci abincin mutane ba. Ta ɓamɓare tayoyin, ta kankare shi tas da soson ƙarfe, ta shanya a baranda. Na taya ta, Yaya. Muka mayar, muka buga iska, ya yi kyau kamar sabo. Kwana na biyu, a kwanar gangaren kasuwa, tayar gaba ta zame daga gargaren, na faɗi da kulolin mutane. Gwiwar hannuna ce kawai ta ɗaye, kada ka damu.

Na tura shi har kedai, wato shagon gyaran keke, da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta MRT, na wani tsoho da ake ce wa Ankul Fong. Na shigar masa da keken. Da ya duba sai ya dafe kai, ya tambaye ni wane ne ya yi wannan aikin, na ce mahaifiyata ce ta wanke. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame, sannan ya ga idona ya daina. Ya ce abin da muka kankare gam ne, irin waɗannan tayoyin manna su ake yi, domin 'yan tsere su rage iska a cikin laka ba tare da sun fita ba. Ya ce zai iya sake mannawa, amma gam ɗin yana ɗaukar kwanaki, kuma ranar da ƙusa ta huda ni a hanya ba faci irin wanda na sani, sai in dawo a ƙafa. Ya nuna mini wasu gargare na alminiyam, masu nauyi, masu taya da tub na kowa da kowa, sun dace da birkinka, kuma ko ni zan iya facinsu. Na ce ba mu da halin saye. Sai ya ɗaga naka da yatsa biyu, ya ce na kabon ne, marasa nauyi masu tsada, idan na bar masa su zai ba ni waɗancan da famfo da kayan faci. Na roƙe shi ya jira in tambaye ka, ya ce boleh, wato ya yarda, amma zuwa Juma'a, don daga nan zai rufe ya koma wajen 'yarsa.

Na san yadda ka sami gargaren nan. Ina tuna hutun da ka yi kana wanke kwanuka a gidan abincin mamak, da yadda kake shafa gargaren da tsumma kana hana ni ko numfashi a kusa. Umma ta ce in bayar kawai, ai kai ɗa ne mai hankali, amma na ga ta shiga kicin tana share ido. Ga Babbar Sallah ta matso, mutane sun yi odar masa, tun da na faɗi kuma da ƙafa nake kaiwa, abincin yana isa da sanyi, har gida biyu sun daina saye. Ban san abin da za mu ci ba idan sauran suka bi su.

Don Allah ka amsa kafin Juma'a. Idan akwai wata hanya da ban gani ba, ka faɗa mini. Idan kuma ban ji ka ba, zan kai masa gargaren bayan an sauko daga masallaci, ni da hannuna, ba Umma ba. In za ka yi fushi, da ni za ka yi.

Ka gaishe da Kawu Halliru da Gwaggo Mero, da amarya Ɗelu da angonta, da Daso. Ku sa Abba a addu'a.

Ƙanwarka mai neman afuwarka,
Najiba.