Wane VPN Ne Zai Rufa Min Asirin Kunnena?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka min da shawara. Na rasa wanda zan tunkara da wannan magana, kuma in na ci gaba da riƙe ta ni kaɗai, ina tsoron in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Ni ce mai ɗaukar waya a wani kamfanin kai saƙo. Teburina ne na farko in an shigo, dab da na'urar ruwan sha, inda kowa ke tsayawa a buɗe hira kamar kasuwa. Aikina in saurari mai kira, in rubuta adireshi da lambar wanda za a kai wa kaya, in tura wa masu babur. Ba yabon kai ba, Anti, na iya aikina. Mutum zai kira ransa a ɓace yana zazzaga masifa, amma kafin ya ajiye waya sai ya yi min godiya.

To, watannin baya kunnena na hagu ya fara yi min wasa. Da farko kamar ruwa ya shiga, daga baya wata siririyar ƙara da ba ta tafiya, yanzu kuma in aka yi min magana ta wannan gefen sai in ji kamar daga cikin bargo ake yi. Na mayar da wayar tebur hannun dama, na ce wa mutane igiyar ce ke harɗe ni. Na karkata kujerata yadda kunnen dama zai fuskanci ƙofa. Lamba kuwa sai na maimaita wa mai kira, har Manaja ya yaba min wai na ƙara natsuwa. Ba wanda ya sani, ko Umma. Tsorona ɗaya ne: in Manaja ya gane, wa zai bar mai kunne ɗaya a kan waya?

Lokacin hutun rana, in kowa ya fita cin abinci, nakan zauna in yi ta bincike a kan ciwon kunne da na'urar da ake maƙalawa don ƙara ji. Wani lokaci a wayata da waifai ɗin ofis, wani lokaci a kwamfutar tebur don allonta ya fi girma. Dama imel ɗina a buɗe yake a kanta tun da na fara aiki, ban taɓa fita ba saboda ina da mantuwar kalmar sirri. Har ta kai duk shafin da na buɗe sai tallar na'urar kunne ta biyo ni kamar ƙuda.

Ran nan firinta ta ƙi aiki, aka kira mai kula da kwamfutocinmu, wanda muke ce wa Injiniya. Mutum ne mai barkwanci, ba shi da mugunta, amma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya zauna a kujerata yana gyara, ni kuma na je haɗa shayi. Washegari a gaban na'urar ruwa, mutane na tsaitsaye, ya ce Allah ya ba kakata lafiya, in za mu saya mata na'urar kunne in neme shi, wai ya san wadda za ta sa ta riƙa jin har gulmar maƙwabta. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Anti, kakannina duk sun rasu. Tun ranar na sa a raina cewa duk abin da na taɓa a waifai ɗin nan yana gabansa.

Na yi wa yayana zancen a kaikaice, na ce ina son abin da zai hana a ga inda nake shiga. Nan take ya karɓi wayata zai saka min VPN na kyauta da yake kallon ƙwallo da shi, yana min tsiya wai ko saurayi na yi a ɓoye. Na fizge wayata, don na ga yadda tasa take: zafi kamar dutsen guga, talla na faɗowa ko ba a taɓa komai ba. A ɗaya gefen kuma masu bidiyon da nake kallo kullum cikin tallar na biya suke, suna cewa in ka saka ko aljani ba zai gan ka ba. Yaya ya ce duk kanwar ja ce.

Akwai kuma wani abu, kar ki yi min dariya. Muna da wani shiri mai dogon zango da muke kallo da Umma da yamma. Yanzu rabin maganarsu wuce ni take, sai in riƙa yin dariya in na ga ta yi. An ce a wasu ƙasashen shirin na zuwa da rubutu a ƙasan allo, kuma da VPN mutum zai iya nuna kamar a can yake. To wanne zan ɗauka, na kyauta ko na biya? Yaya ake gane na ƙwarai? In saka har a kwamfutar ofis? Ki yi haƙuri da tsawon surutuna.

Mai ɗaukar waya

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Surutunki bai yi tsawo ba, a cikinsa ma na tsinci rabin amsarki.

Ba na wurin, amma zan iya cewa da wuya a ce Injiniya ta waifai ya gano ki. Kujerarki ya zauna, ya buɗe kwamfutar da imel ɗinki ke ciki, tallar da ke bin ki ta yi masa sallama. Shi ya sa ya zaci wata tsohuwa kike nema wa na'urar. Da bincikenki ya bi dalla-dalla, da bai kawo zancen kaka ba. Ko da VPN mafi tsada a duniya ne a wayarki ranar, da bai hana wannan ba, domin tallar asusunki take bi, ba waifai ba.

Bari in yi miki misali da aikinki. VPN kamar mai babur ne da ke karɓar kunshi a rufe. Mai gadin ƙofa, wato mai kula da waifai, yana ganin kunshi ya fita, amma bai san gidan da za a kai ba. Ba tare da VPN ba yakan iya ganin sunan shafin da kika shiga, ko da bai ga abin da kika rubuta ba. Wannan amfani ne na gaske, musamman a waifai ɗin ofis ko na otal. Sai dai kamfanin mai babur ya san ki, ya kuma san adireshin. Ke nan amanarki kika ɗauke daga hannun Injiniya kika damƙa wa wani kamfani, don haka dole ki san ko wane ne shi.

Kwamfutar ofis kam, kar ki saka mata komai. Ba taki ba ce, masu ita na iya ganin abin da ake yi a kanta ko da VPN, kuma saka manhaja ba izini na iya jawo miki takardar gargaɗin da kunnenki bai jawo ba. Gobe da safe ki fitar da imel ɗinki daga cikinta, ki goge tarihin bincike, ki sauya kalmar sirri, sannan ki shiga saitin asusunki ki kashe tallar da ke bin abin da kika bincika. Binciken lafiyarki kuma ya koma wayarki, da datarki.

Yayanki yana da gaskiyarsa: biyan kuɗi ba ya mayar da kamfani mai amana, kuma zancen ko aljani ba zai gan ka ba, romon baka ne na 'yan talla. Amma inda ya ce duk ɗaya ne, nan muka rabu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da bai karɓi komai a hannunki ba dole ya ci ta wani wurin, kuma sau da yawa ta talla ne ko ta sayar da bayanan masu amfani da shi. Wasu ma aron layin wayarki suke bai wa baƙi su bi ta ciki. Mai neman rufin asiri ba ta kai sirrinta irin wannan gida. Togaciya ɗaya: wasu sanannun kamfanonin na biya suna da ɗan sashen kyauta mai iyaka. Irin wannan ya isa ki fara da shi in don sirri ne kawai, ko da yake da wuya ya ɗauki kallon shiri.

In kin tashi zaɓa, ki fara da tambayar wa ke da shi. Kamfanin da ba a san sunan masu shi ko inda yake ba, ki wuce. Ki duba ko sun rubuta ƙarara cewa ba sa ajiye bayanan inda kika shiga, kuma ko wasu masu bincike daga waje sun tabbatar da haka an wallafa rahoton, don faɗa da baki kowa ya iya. Ki sauke shi daga rumbun manhajoji na wayarki, ba daga wanda aka turo miki a saƙo ba. In ya nemi izinin shiga lambobinki, hotunanki ko makirufo, ki goge shi, ba ruwansa da su. Ki tabbata yana da makullin da ke yanke intanet in ya katse, don kar ki zauna a fili kina zaton a rufe kike. Ki gwada na wata guda kafin ki ɗaure kanki da na shekara. Ki kuma tabbatar dokar inda kike ba ta hana ba, sannan ki riƙa kashe shi kafin ki buɗe manhajar banki, don bankin da ya ga kin ɓullo daga wata ƙasa yana iya rufe miki asusu.

Batun shirinku, ban yi dariya ba ko kaɗan. Kafin komai ki leƙa saitin manhajar kallon, mutane da yawa ba su san maɓallin rubutun na nan ba. Wayoyi da dama ma yanzu suna iya rubuta maganar da ake yi a bidiyo, ko da yake ba a kowane harshe ba. In babu, VPN na iya buɗe miki, yana kuma iya gazawa, domin masu shirye-shiryen kan toshe shi, kuma yawancinsu ƙa'idarsu ta hana sauya ƙasa. Ki karanta tasu ƙa'idar, ki yanke hukunci ido buɗe.

Yanzu ga wadda ta fi duk waɗannan. Kin ba ɓoye ciwon nan ƙarfinki da basirarki, amma ban ji inda kika ce likita ya leƙa kunnen ba. Ni ba likita ba ce, sai dai na san wasu matsalolin kunne ƙanana ne da ake gamawa da su a zama ɗaya, wasu kuma jinkiri ne ke mayar da su manya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ki je a wannan makon, ki kuma gaya wa Umma ta raka ki. Bayan kin san abin da ke damunki, ke za ki zaɓi ko ki gaya wa Manaja da lokacin da za ki gaya masa. In kin shiga ofishinsa, ki shiga da bayanin likita da shaidar aikinki, ba da tsoro ba. Watanni kina riƙe da wayar nan da kunne ɗaya, kuma yabo kika samu.

Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya kuma tsare miki aikinki da mutuncinki.

Antinku