Gawon Malam Idi

Tchaké, daren Laraba

Yau na gano abin da ya kashe rezon waya na lakwal, makarantar garin nan. Antan ɗin da ke kamo rezon lafiyarta lau, gawo ne. Da damina na ɗaura ta bisa dogon ƙarfe, na saita ta da ta garin Mayahi, lokacin gawon gonar Malam Idi ba ya da ganye ko ɗaya. Yanzu rani ya shigo, ya cika da ganye, ya tare hanya. Ni da na tashi a ƙauye, wai na manta gawo da rani yake yin ganye!

Na roƙi a rage mashi rassa. Malam Idi ya dube ni ya ce, "Ɗana, to awakina mi za su ci da bazara?" Na koma wurin antan. Na ƙara wa ƙarfen tsawo don ta wuce gawon, tun azahar ina sama ni kaɗai, babu mai miƙo mani ko ruwa.

Gab da magariba rezo ya dawo. Mutane suka cika bakin lakwal, wannan na kiran ɗansa a Agadas, waccan mijinta a Libiya. Na koma gefe na kira gida sau uku, matata Hadiza ba ta ɗauka ba. Na san hidimar yara ce, na sani.

Amma kowa a garin nan ya ji muryar nashi yau, ban da wanda ya hau sama.