Jerin da Ke Ƙarƙashin Ƙaya

Eudunda, 6 ga Fabrairu

Yaya Clarrie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar, yaya zaman Port Lincoln? Mu nan zafi kamar ya dafa mutum, wata biyar ko ɗigo ba mu gani ba.

Da kunnenka na jin waya da ban ɓata takarda ba. Penhale, mutumin da ya sayi tsohuwar gonar Baba, zai haƙa tafkin tumaki a gangaren tsohuwar bishiya. Maƙabarta fa, Yaya! Na same shi na ce mutum goma sha tara ne kwance a wurin, waɗanda suka sare dajin nan da hannunsu. Ya tura hula ƙeya ya ce, "Misis Doecke, nuna mini dutse ɗaya ko katako ɗaya, in janye." Ina zan samo? Gicciyen da gara ta rage, gobarar daji ta lashe tun muna 'yan makaranta.

Mutumin ƙaramar hukuma ya fi shi ladabi, amma maganar ɗaya ce. Ya duba littafin coci, manya goma sha biyu, yara bakwai, ya ce suna daban, wuri daban. Ya ba ni zuwa ashirin ga wata in nuna masa iyaka.

Shaidata ɗaya ce, furen nan da ake kira lili, wanda matan farko suka dasa a kan kowane kabari, mai fitowa tsirara ba ganye a irin wannan lokaci. Bana fari ya hana shi leƙowa. Kullum da safe ina loda jarkoki daga tankinmu in je in zuba a gindin bishiyar. Mijin nan nawa Rex sai mita, wai zan shayar da matattu in bar rayayyu da ƙishi. Na ce masa ai giyarsa ba ta ƙare a firij ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka sha raka Kaka wurin, ni lokacin ina goye. In akwai abin da ka tuna, rubuto maza.

Ƙanwarka,
Valda

Eudunda, 21 ga Fabrairu

Yaya Clarrie,

Ina gaisuwa. Da fatan jikin da sauƙi, don shirunka ya fara damuna.

Sun fito! Ranar sha bakwai na ga kai ɗaya ya tsaga ƙasa, na durƙusa na yi kuka kamar yarinya. Zuwa jiya tsibi goma sha biyu, ruwan hoda, a jere kamar an ja da zare. Penhale ya zo ya tsaya yana kallo, ni kuwa ban raga masa ba, na ce, "Ga katakon naka, ƙirga."

Mutumin hukuma ya kafa turaku, sai ya ɗago ya ce, "Yaran bakwai fa?" Na ce, "Haba malam, ina yaro zai kwanta in ba gefen uwarsa ba?" Ya ƙara taku biyu a kowane ɓangare, ya miƙo takarda, na sa hannu. Penhale ya yarda zai sauko da tafkin ƙasa, wajen sarƙaƙiyar ƙayar nan da ko kare ba ya shiga. Ran Litinin katafila za ta fara.

Ya kamata in yi farin ciki, Rex ma har ya ce in yi kek. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Matan da suka dasa wa tsoho mai shekara tamanin fure, yaya za su bar jaririnsu haka?

Taka,
Valda

Eudunda, 24 ga Fabrairu

Yayana,

Ina gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso yau da tsakar rana. Katafila kuwa ta fara tun ƙarfe bakwai. Na karanta a tsaye bakin akwatin wasiƙu: cewa mutanenmu ba sa binne dangi tare, jeri suke yi bi da bi yadda aka mutu, manya a sama, yara da nasu jerin a ƙasa, inda ƙaya ta rufe. Rashin sani ya fi dare duhu. Ban ko cire silifas ba na faɗa mota.

Na tarar injin a kashe. Penhale yana durƙushe a kan jar ƙasa, hularsa a hannu, cike da ƙwayoyin lilin, kamar albasa. Ya ce, "Da na tuge ƙayar na ga su a jere, tazararsu ba ta kai ta manya ba. Na taka birki, amma na makara." Mutumin da na yi wa baƙar magana, Yaya, hawaye yake. Ya ce ya fasa haƙa tafkin, tumaki su sha a wani wuri, shingen maƙabartar ma shi zai ja.

Kaburbura huɗu suna nan lafiya. Uku na gefen gabas bakin katafila ya wuce ta kansu. Abin da ya fito mun tattara a tawul ɗin Rex, fasto zai zo ran Laraba. Rex yana ta cewa ba laifina ba ne. Nawa ne. Ba a tilasta ni ba, ni na buɗe baki na faɗi abin da ban sani ba, na kuma sa hannu.

Na sake duba littafin coci. Yara ukun farko da suka mutu na Kaka ne, Ottilie, Gustav da jaririn da bai kai baftisma ba, duk cikin mako ɗaya da ciwon maƙogwaro. Kai kaɗai ka rage da ka ga inda take durƙusawa. Daga wane gefe aka fara jerin, gabas ko yamma? Ka gaya mini gaskiya, kada ka tausaya mini.

Ƙanwarka,
Valda