Allon da ke Ƙofar Gidan Kaka

Zuwa ga ƙanena, Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ɗan'uwa, da fatan takardar nan ta tarar da kai da iyali cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikin asibitin nan naka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Gwaggo da ke motsawa in an yi sanyi. 'Yata Auta ta zauna lafiya a gidan mijinta, ita da mahaifiyarta Hajiya duk suna gaishe ka.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bari in tuna maka wasu abubuwa, don na lura nisa yana kawo mantuwa. Ka san ban wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na gama. Da facin taya na fara, a gindin bishiyar bakin tasha. Daga nan na zama yaron mota, na zama direba, na sayi akwalar nan da kowa ke yi wa dariya, yau ga manyan motocina suna shiga lungu da saƙo. Babu kawun da ya ɗaga ni, babu bankin da ya san da zamana. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na tsaya a kan karatunka har ka hau jirgi. Ban taɓa yi maka gori ba, yanzu ma ba shi nake yi ba.

Sai kuma gidan Kaka na tsohon garinmu na bakin teku, inda ya yi rayuwarsa yana sassaƙa jiragen ruwa. Ka tuna yadda ya koma: rufi ya rufta, awaki na kwana a ɗakinsa, dangi sun haɗa baki a sayar wa masu otal. Ni kaɗai na ce a'a. Na nemo dutse irin na asali daga bayan tsauni, na riƙa ɗauko shi da motata, ni a sitiyari, don babu direban da ya yarda ya bi wannan hanyar. Na zaƙulo tsohon maginin da ya san irin wannan gini, na tsaya a kansa. Tagogin ƙarfe da iskar gishiri ta cinye na cire, na sa na katako. Da aka gama, muka danƙa wa kwamitin garin don baƙi su riƙa gani, kai kuma ka ce za ka aiko da allon tagulla a kafa a ƙofa. Na ce madalla, ban ko tambayi abin da za ka rubuta ba, don ɗan'uwana ne kai.

To, a watan jiya na ɗauki surukaina yawon buɗe ido, wato mahaifin mijin Auta da matarsa, ga Hajiya a gefena. Shi tsohon shugaban makaranta ne, mutum mai karatu da nutsuwa. Mun bi tsofaffin garuruwan yankin, masu lunguna irin waɗanda mota ba ta shiga sai dai ka ajiye ta ka taka. Mun ga ganuwa da hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, mun tsaya a ƙauyen masu shanya gishiri, mun kwana a wurin shaƙatawar nan inda yanzu sai ka biya kafin ka zauna a kan yashin da muka yi birgima a kai muna yara. Duk inda muka tsaya surukina sai ya kawo tarihi, wane ya gina, wane ya rushe. Ni dai ina saurare, don na ajiye nawa sai ƙarshe. Na ce masa ya bari mu isa gidanmu tukuna.

Da muka isa muka tarar da layi, muka bi kamar kowa. Ban ce ni ne wane ba, na fi so su ji daga bakin wani. Wata budurwa ce ke yi wa baƙi bayani. Ta zaga da mu, har an ɗaura igiya a ƙofar ɗakin Kaka kada a shiga, ɗakin da na yi wa daɓe da hannuna. Sannan ta tsayar da mu gaban allonka. Sunanka ne, Likita, da manyan baƙaƙe, da duk digirorinka a jere, wai kai ka ceto gidan daga rushewa. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, babu ni. Surukina ya gyara tabarau ya tambaye ta wa ya yi aikin ginin, tunda likitan yana ƙasar waje. Ta yi murmushi ta ce, "An ce wani direba ne ya riƙa kawo duwatsu."

Wani direba. Surukina ya dube ni sau ɗaya, ya mai da idonsa teku. Da ya yi dariya ma da ya fi mini sauƙi. Har muka dawo gida bai ƙara ambaton gidan ba, sai zancen kifi da kyawun hanya. Matarsa kuwa, da zuciya ɗaya, ta ce wa Hajiya Allah ya yi wa wannan likita albarka, kowane gida da mai fitar da shi kunya. Hajiya ta amsa da amin, me za ta ce? Yanzu mutanen nan suna ganin na kwashe su tafiya mai nisa don in yi taƙama da aikin ƙanena, kuma 'yata ce ke zaune a cikinsu.

Kafin mu baro garin na je wurin shugaban kwamitin. Ya gane ni tun daga nesa, ya tashi ya ba ni kujera, ya ce ai kowa a garin ya san wanda ya yi aikin. Na ce to kowa ɗin zai mutu, allon ne zai saura. Ya ce abin da dangi suka aiko shi suka kafa, yarinyar ma abin da ke jikin allon aka koya mata, kuma ba za su canza ba sai wanda ya aiko ya rubuto. Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Amma ka karanta shi kafin ka sa a akwati, ka ga sunanka shi kaɗai, bai dame ka ba.

Ka gaishe mini da matarka, da takwarana, da ƙannensa. Gwaggo ta ce a tuna maka maganin ƙafarta.

Abin da nake so shi ne ka rubuta wa kwamitin nan da hannunka, ka aiko da sabon allo. Ban ce a cire naka ba, kai ma jikan gidan ne. In direba za su kira ni su kira, ban taɓa jin kunyar sitiyari ba. Amma direban yana da suna. A rubuta shi cikakke, da na mahaifinmu, a saman naka, don ni ne babba. Ranar da aka kafa shi zan sake ɗaukar surukina mu koma, ya gyara tabarau ya karanta da kansa.

Ni ne,
Yayanka.